Fijon Baffa Datti

Ran kasuwar Auyo muka bar kwalta,
ni da Haladu mai gyaran jikin mota,
muka bi burtali ta bayan makaranta
har inda aka ce tana kwance,
damina biyu ba ta leƙa waje ba daga gidansa.

Fijo ce irin ta da, mai dogon baya,
fara kamar nonon safe a ƙwarya.
Rumfar kara a kanta, akuya a gindin taya,
kaza ta saka ƙwai uku a mazaunin direba.
Na ce, "Haladu, wannan ai amarya ce."
Ya ce, "Malam, fenti bakin dillali ne,
bari mu ji ta bakin ƙarfen da ke ƙasa."

Ya zaro maganaɗisu daga aljihu,
ɗan mitsitsi, bai kai goro ba.
Ya ɗora a ƙofa, ya kama.
Ya ɗora a bonet, ya kama.
Da ya kai shi saman tayar hagu
sai ya sulale, ya faɗa cikin kashin awaki.
"Nan ciko ne," in ji shi,
"an toshe rami da tuwo, an ja fenti a bisa."

Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashi,
tocila a baki, sukuddireba a hannu,
ba ka ganin komai sai faso a dunduniyarsa.
Ina jin ƙwas, ƙwas, ƙarfe mai rai,
can kuma sai bus, kamar an soki kabewa.
Jan gari ya zubo masa a gira
kamar ana sheƙar jar dawa a kansa.

Dokin ƙofa lafiya. Ramin sifiya da dama-dama.
Ƙashin bayanta, ya ce, zai ga jikoki.
Ya fito yana kakkaɓe riga,
ya raɗa mini abin da zan taya
da inda zan ja birki in an kai ni nisa.

Duk wannan Baffa Datti na zaune kan turmi,
ido ɗaya ya yi fari da yana,
bai ce mana uffan ba.
Sai da na buɗe baki zan yi tayi
ya ce, "Yaro, ba ku gama ba.
Ɗaga shimfiɗar ƙafar direba.
A'a, har da kwalin. Cire ƙusa."

Na ɗaga.
Rami ne, faɗin faifai,
tsatsa ta cinye gefensa, ya zama ƙanzo.
Ta cikinsa nake kallon tururuwa
tana jan ƙwayar gero a ƙasa.

Ya ce, "Shekarar da kogi ya ci gari,
sawu goma sha ɗaya ta yi a dare guda,
ruwa har gwiwata ina riƙe da sitiyari.
Tsofaffi, yara, buhunan iri,
har keken ɗinkin Talatuwa.
Ruwan ya janye daga gari, bai janye daga jikinta ba.
Don sanyi na rufe wurin, ba don ku ba.
Injin ban-ruwa nake so in saya wa yara,
amma ba da kuɗin da za a tambaye ni a kabari ba,
ga harshe ya yi nauyi, ga babu amsa."

Haladu ya mayar da maganaɗisu aljihu,
ya daɗe yana sosa ƙeya,
ya ce faranti ɗaya da waldar yini biyu sun isa.

Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya sallama.
Ya hana mu motsi sai da aka kwashe ƙwan kazar.
Muka ba taya iska, muka ɗaura batirin aro,
samari suka tura, ta yi tari, ta sake tari,
ta uku ta amsa.

Da la'asar sakaliya muka kamo hanyar Haɗeja.
Ban mayar da kwalin ba.
Iska na shigo mini ta ƙafar wando,
ina tuƙi ina satar kallon
yadda hanya ke gudu tsakanin ƙafafuna:
jar ƙasa, kwalta, jar ƙasa.