Yini Ɗaya a Sawakin

Jirgin Jidda ya ce sai gobe.
Gwaggo Azumi ta ce zama ba ya rage jira,
tashi ka kai ni in ga gari.
Muka bar ƙunshinmu wurin ɗan dako,
muka bi siririyar hanyar da ta keta ruwa
har tsibiri.

Ba mai talla.
Ba mai cewa a gusa.
Ƙarar silifas ɗinta kaɗai,
fat, fat, a kan farin dutsen teku,
sai wani zakara can ƙetare
da lissafin lokaci ya kuɓuce masa.

Na karanta mata abin da ke jikin allo,
shekarun Turkawa, sunayen attajirai.
Ta ce allo bai san kakarta ba,
wadda ta taso daga Auyo a ƙasa,
shekara bakwai tana tafe tana tsinkar auduga,
ta haifi biyu a hanya, ta binne ɗaya,
ta kwana arba'in a gindin wani bango a nan
tana jiran iska ta juya.
Wane bango?
Duk sun durƙusa
kamar raƙuman da aka sauke wa kaya
aka manta a ce su tashi.

Kyanwoyi ne masu unguwa.
Wata mai ido ɗaya ta hakimce a taga,
tagar da babu ɗaki a bayanta.
Gwaggo ta yi mata cikakkiyar sallama.
Ta ce da ni, ba a sani ba.

A inuwar masallaci muka tarar da wani
gajere, da baƙar hula,
yana ɓare gyaɗa ɗaya bayan ɗaya.
Awang Damit, kukun jirgin kaya.
Larabcinsa na rarrafe,
hannunsa na ƙarasa masa.
Ya ce yana zuwa nan duk sanda suka tsaya
don garin na tuna masa nasu,
can gabas da gabas, Burunai:
babban birni ne, in ji shi, amma ba ya ɗaga murya.
Gidaje kan dirkoki a tsakiyar ruwa,
kwalekwale ke kai yara makaranta,
bayan lisha kana jin faɗuwar mangwaro a gidan maƙwabci.
Ya nuna mana a waya,
ƙubba mai ruwan zinariya
tana kallon fuskarta a tafki.

Gwaggo ta ce, tambaye shi, ba su da kasuwa ne?
Akwai, ba a ihu ne kawai.
Ta riƙe haɓa. To ina daɗin ciniki?
Ya yi dariya tun ban fassara ba.

Ohaj mai gahawa ya kawo finjali uku,
citta ta kama mana harshe.
Ta daɗe tana duban hoton, ta miƙa masa wayarsa.
Ce masa shirun garinsu na mai barci ne,
a taka a hankali.
Na nan kuwa, mai ɗakin ya fita
bai ce ga sanda zai dawo ba.
Na rasa Larabcin da zai ɗauki wannan,
na ce masa tana gaida mutanen gida.

Da la'asar ta yi sanyi
ta zaɓi wani bango, haka kawai,
mai tsayin ƙugu, gishiri ya cinye gefensa.
Ta dafa shi, leɓɓanta na motsi.
Ta ɗauki ɓallin dutse ta ƙulle a gefen mayafi,
muka yi taku goma,
ta koma ta kwance ta ajiye inda yake.
Kayan mutane ne.

Awang ya ɗauke mu hoto a wayata.
Ina da shi har yau:
rabin Gwaggo, rabin teku,
da babban yatsansa a kusurwa
yana rufe ni.