Ƙarƙashin Majami'ar Jakmel

Kwana uku da girgizar ƙasa,
ni da Wilner muna tono da murfin tukunya.
Shebur ɗaya ne a unguwar, ba namu ba.

Tun daren farko na daina addu'a.
Na ce, Ubangiji, in kana nan,
to kana ƙarƙashin simintin nan.

Da asuba muka ji ƙwanƙwasa.
Mirlande ce, mai kaɗa ƙararrawa,
ƙafa a danne, baki duk ƙasa,
tana yabo da dusasshiyar murya.

Ɗanta kuwa ba mu same shi ba.
Har yau.

Da muka jawo ta, ruwa ta roƙa,
ta sha rabi, ta miƙo mini saura:
"Sha. Yesu ma ya ji ƙishi."
Na sha, kofin na rawa a hannuna.