Taragu Biyu, Igiya Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ina jan taragu
a kan tudun Valparaíso,
ɗaya na hawa, ɗaya na gangarowa,
igiya guda ce ta ɗaure su.

Ran da likita ya juyo mini da hoton
ya ce sankara ce, a dubura,
sai na sunkuya ina kallon takalmina.
Kunya ce ta riga tsoro isowa.
Wurin da ko a zagi sai an sassauta murya,
nan cutar ta ga damar yada zango.
Fresia ce ta zaro biro daga jakarta,
ta ce, "Maimaita, likita, sannu a hankali.
Shi ba ya ji yanzu. Ni ina rubutawa."

Suka ɗiga mini tawada uku a ƙugu,
ƙanana kamar kashin ƙuda,
don hasken gashi ya gane hanyarsa.
Kofi uku na ruwa kafin a kira sunana,
in riƙe fitsari, in kwanta ruf da ciki,
inji na kewaya ni yana gunaguni,
kwana ashirin da biyar, ban da Asabar da Lahadi.
A mako na huɗu zama ya gagara.
Na koyi shan shayi a tsaye bakin taga,
ina ƙirga jiragen ruwa,
wani lokaci ina kuka, ban ɓoye ba.

Ƙarin ruwa ya zo da nasa sharaɗin:
sanyi ya zama abokin gaba.
Cokali na cizo, murfin firiji na cizo,
iskar teku na shaƙe ni a maƙogwaro.
Millaray, 'yata, ta saƙa mini safar hannu,
ɗaya ta fi ɗaya tsawo.
Ban faɗa mata ba.

Ana jibi za a shiga da ni tiyata,
Ximena, nas mai furfura, ta zo da alƙalami.
"Eleodoro, zauna. Tashi.
Sunkuya kamar za ka ɗaure takalmi.
Ina bel ɗinka yake tsayawa?"
Ta zana da'ira a gefen cibiyata.
"Nan za mu buɗe sabuwar ƙofa."
Ta ba ni jakar gwaji, ta ce in cika ta da ruwa,
in kwana da ita, mu saba.
Daren nan Fresia ta ɗora tafinta a kai
har ruwan ya yi ɗumi.

Na haɗa kaya: rediyo, silifa, wando mai roba,
da tsohon tikitin tarago, ban san dalili ba.

Yau wata biyu ke nan.
Jakar ba ta san ladabi ba,
takan yi magana ana tsakar cin abinci.
Jikana ya tuntsire da dariya, nima na bi shi,
dariyar ta ja mini ɗinki.

Jiya na je tudun a matsayin fasinja.
Yaron da ya gaje ni ya ƙi karɓar kuɗina.
Muna tsakiyar hawa ɗaya taragon ya gifta mu,
cike da mutane masu sauka,
nauyinsu ne ke ɗaga mu.
Na damƙe ƙarfen da doguwar safar.

Akwai wani hoton a watan Maris.
Fresia ta riga ta sayi sabon biro.