Kafaɗar Mista Garside

Ƙarfe shida nake shiga ɗakinsa,
lamba tara, gidan tsofaffi na Scarborough.
In ja labule, teku na can tana tari,
shi kuwa ya riga ni farkawa.

Da hannun dama muke farawa, a hankali,
don kafaɗar ba ta shiri da riga.
"Shekara goma sha huɗu tana yi wa ƙasa jifa," in ji shi,
"yanzu ta zo karɓar bashinta."

Da na zo ban san kurket ba.
Na hango fili, na ce wanki aka shanya, fari fat,
sai ga wankin yana gudu.
Shi ya koya mini, da cokali da lemo:
wani jifa ya iya, wani duka,
shi duka ya haɗa.
Na ce masa a garinmu taura biyu ba ta taunuwa.
Ya yi dariya har da tari: "Na tauna, Balaraba.
Dubi abin da ya rage."

Ranar farko ƙwallo ɗaya ta kore shi,
ya tako da sandarsa a hammata,
ubansa na cikin jama'a yana naɗe jarida.
Bayan shekara shida, a wata ƙasa mai rana,
ya tara ɗari da karyayyen yatsa,
gari ya waye ya kayar da mutum biyar,
aka ɗauke shi a wuya.
Daga nan gwiwa ta fara magana.
Sai wasiƙa, layi uku, da godiya.
Yaron da ya gaje shi ko gemu bai tsiro ba.
Ya koma sayar da darduma a Leeds,
masu saye na cewa, kamar mun san fuskar nan.

Jiya 'yarsa ta zo, ya tambaye ni wace ce.
Amma da na miƙa masa jar ƙwallon da ke cikin durowa,
yatsu biyu suka nemo ɗinkinta
ba tare da ya duba ba.

Da la'asar yayyafi ya sauko kan taga.
Ya ɗaga kai, ya daɗe yana karanta sama.
"A rufe fili," ya ce, "sai an ɗauke."
Na jawo bargo na rufe masa gwiwoyi,
muka zauna muna jira.