Ɗiyar Marini a Ɗakin Duhu

Baba, hannunka bai taɓa wankuwa ba.
Shekara arba'in a bakin karofi,
har ranar da aka yi maka sutura
farcenka shuɗi ne, likkafani fari.
Kai ka ce rini ba gadon mace ba ne.
To ga ni a asibitin Garwa, ina rini.

Zanen da nake turawa bai kai yatsa biyu ba.
Gilashi ne, an shafa masa kakin mutum
da tsinke, siriri kamar hayaƙi.
In shanya, in gitta shi kan wuta sau uku,
in kwarara masa oramin, ruwan ɗorawa,
in zuba wa agogo ido.
Kai da harshe kake sanin baba ya nuna,
nawa ba a lasa.

Sai wanki.
Ruwa mai tsami ya bi ta kai,
duk wanda ya ari launi ya mayar.
Abu guda ne ba ya saki:
mai riga kamar kakin zuma,
in ya sha rini ya sha ke nan.
Daga ƙarshe in yafa shuɗi, ɗan'uwan naka,
ya rufe bakin sauran fili.

In ja labule, in kashe ƙwai.
A waje rana tana dafa kwalta,
'yan babur suna rige-rigen hawa gada,
ni kuwa na shiga daren da na haɗa da hannuna,
ido a bakin madubi.

Lamba ɗari biyu da sha bakwai.
Hamajam, mai ɗaurin dila a kamfanin auduga.
Ya ce ƙurar auduga ce kawai.
Ya sha saƙe-saƙi, ya sha zuma da citta,
har wandonsa ya fara neman sabon mazagi.

Na leƙa.

Kai, kyau!
Maƙesu a fadamar Binuwai bayan ruwan marka,
'yan sanduna tsanwa-tsanwa, rawaya-rawaya,
wannan shi kaɗai, waɗancan sun jingina da juna
kamar masu jiran kwalekwale.
Ina jin kunyar yadda nake son kallonsu.
Na ƙirga har ƙirga ta gaji,
na ja alama uku da jan biro.

A ɗakin nan, Baba, haske ne mugun labari.

Wata biyu, taurarin suka yi ƙaranci.
A na huɗu ya ɓace mana,
wai ya ji sauƙi, wai ƙwayar tana sa shi jiri.
Ɗiyarsa Jaratu ce ta janyo shi,
'yar aji biyar, mai tawada a haɓa,
ta ƙulle kofin kaki a leda biyu
ta miƙo min kamar mai kawo kuɗin adashi.

Yau wata shida.
Na shanya, na rina, na wanke, na ja labule.
Na bi fili ɗaya, na bi goma,
na bi daga wannan gefe har wancan,
na dawo don ban yarda da idona ba.
Ko ƙyalli.
Baƙi ƙirin, shiru,
kamar karofinka da asuba kafin a sa muciya.

Na same shi a benci ƙarƙashin darbejiya.
Ya ce, me kika gani?
Na ce, duhu.
Fuskarsa ta faɗi. Na ce, a'a, tsaya,
duhun nan shi muke nema tun watan azumi.
Ya yi dariya mai tsawo,
ni kuma ina sauraron ƙarshenta,
ko tari zai biyo baya.
Bai biyo ba.

Da yamma na cire safar hannu,
ashe ta huje a babban yatsa.
Ɗigo ɗaya, ruwan ɗorawa, a gefen farce.
Na sa sabulu sau uku, Baba.
Bai fita ba.