Kwalba Ta Arba'in da Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Damagaram.
Wuta ta ɗauke, janareto ya yi tari sau uku, ya kama.
Jandarma ya ajiye mini kwalabe biyu a kan tebur,
ɗaya ja, ɗaya ruwan ɗorawa,
babu suna, sai lamba: arba'in da bakwai.

Kakana Barma mai bin sawu ne a Tanut.
Ba ya jiran ya ga raƙumin da ya ɓata,
sai ya durƙusa, ya murza kashinsa tsakanin yatsu,
ya ce: jiya da la'asar ya wuce, yana ɗingishi.
Ni ma sana'ar ke nan,
sai dai da safar hannu.

Hodar iblis ba ta daɗewa a jini,
baƙuwa ce mai gaggawa, ko ruwa ba ta tsayawa sha.
Hanta ta sussuke ta, ƙoda ta sheƙe,
ƙaiƙayin ya gangara mafitsara,
ya kwana biyu, ya kwana uku,
yana jiran mai tambaya.

Na sa jinin a injin juyi.
Ya yi ta kewaya har ja ya kwanta ƙasa,
fari ya tsaya sama kamar an raba gado.
Fitsarin kuwa, ɗigo uku a bakin takarda.
Ya fara hawa a hankali,
yadda laima ke hawan katanga a Birni.

A nan lissafi a birkice yake:
layi biyu, lafiya lau,
layi ɗaya, akwai magana.
Na ba shi minti biyar. Na ƙara masa biyu daga aljihuna.
Na biyun bai zo ba.

"To, Malama Zuwaira, ya sha ko bai sha ba?"
Na ce takarda ta ɗaga yatsa, ba ta rantse ba,
sai babban inji na Yamai ya sa hannu.
Ya yi tsaki. Shi yana son e ko a'a
kafin shayinsa ya huce.

Ta taga na hango wata dattijuwa bakin baranda,
kwanon tuwo a cinya, ɗaure da ɗankwali,
takalmin namiji a gefenta, ƙafa ɗaya.
Ban tambaya ba. Aikina bai ƙunshi wannan ba.

Injina yana auna abin da bai kai ƙwayar gero ba
ko an raba ta gida dubu,
amma bai san ko yaron direba ne a hanyar Agadas,
ko bashi ya haɗiya, ko barci yake gudu.

Na jera ƙanƙara a akwati, na manna hatimi,
motar asuba za ta tafi da shi.
Famfo ya ƙafe tun shekaranjiya.
Na tsiyaya daga jarka, na wanke hannu har gwiwa,
na fita ta ƙofar baya
don kada mu haɗa ido.