Mai Gyaran Inji a Ƙofar Ƙaura

Nizar, mutumin Sham,
yana gyaran injin ban-ruwa a Ƙofar Ƙaura.
'Yan layi suna ce masa Bature,
ya gaji da musu, ya bari.
Ni ke kai masa shayi da hantsi,
ba madara, sukari kamar na gayya.

Rannan ya miƙo mini wayarsa:
matakalar bene tsaye ita kaɗai,
ta hau sama, ba ta isa ko'ina ba.
"Nan ne ɗakin uwata," in ji shi,
ya ɗora yatsa mai baƙin mai
a kan sarari.

Su bakwai aka haifa. Ƙasa biyar ta raba shida,
teku ya riƙe ɗaya.

Ban ce masa sannu ba.
Na ce mu ma, can yamma da Batsari,
mun baro gero ya fid da kai,
da tukunya bisa murhu.
Shekara huɗu ke nan. Ban san wa ya sauke ta ba.

Ya yi ta juya cokali.

Sai ga 'yarsa Lamis daga makaranta,
tana ciniki da mai awara
da Katsinanci tsantsa, har da rantsuwa.
Ya yi dariya, ya share ido da gefen hannu.

A gwangwanin ƙofar shago
ƙwallon zaitun da ya binne bara
bai tsiro ba.
Kowace safiya yana ba shi ruwa.
In gyara ya kai shi Jibiya,
ni ke ba shi.